Kumfa a Bakin Tiyo

Wanke hannunka, Wilmer.
Na ga maiƙon soyayyar safe a yatsunka,
kuma koriyar tukunyar nan ba ta ga maciji da mai.
Ɗigon giris guda a bakin zarenta
ya isa ya mai da rumfar nan toka,
da mu, da jirgin, da karen da ke barci ƙarƙashin fiffike.
Koma famfo. Sau biyu. Har gwiwar hannu.

Nan El Alto ma iska rowa gare ta,
baƙo in ya hau matakala goma sai ya dafa bango.
To ina ga can, bisa farin kan Illimani,
inda Nelida za ta ratsa da ƙarfe tara
ta ɗauko wata da ta kwana biyu a kan gwiwa?

Ba waɗancan sifanun ba.
Na akwatin fari. Ba su taɓa sanin inji ba,
ba kuma za su sani ba muddin ina da rai.

Karanta mini wuyan tukunyar.
Watan gwaji, shekarar gwaji, an buga su a jikin ƙarfe.
Idona ya daina ganin ƙananan lambobi
tun shekarar da Anselmo ya sauka yana dariya.

Ban taɓa ba ka labarin ba?
Ya fito daga jirgi yana tangaɗi, farcensa shuɗi,
yana ce mini, Fermin, yau na ji daɗin sama,
ban taɓa tuƙi mai daɗi haka ba.
Na tambaye shi bakwai sau takwas, ya kasa.
Haka rashin iska yake, ba ya sallama, ba ya ciwo,
sai ya fara shafa maka kai tukuna.
Da na bi tiyon da hannu
tsagar ba ta kai silin gashi ba.
Ni na ɗaura tiyon, yaro. Ni na sa hannu a littafi.
Allah ne ya sauke shi, ba ni ba.

Buɗe a hankali. A'a, rage.
Sauri ya haifi nawa.
Fara da babbar tukunyar da ta fi yunwa,
ka bar cikakkiyar ta ƙarasa aikin.
Ɗora tafinka a cikinta: in ta yi ɗumi, tsaya,
ku huta tare.
Allurar da ta cika baki da zafi
da sanyin asuba za ta janye maganarta.

Kuma kar ka taɓa bari ta ƙare ƙarƙaf.
Tukunya wofi damshi take gayyata,
damshin ya hau sama ya zama ƙanƙara,
ƙanƙarar ta zauna a maƙogwaron bawul
daidai lokacin da ake nemansa.

Ga Nelida can tana duba agogo.
Bar ta ta duba.
Miƙo ruwan gwaji, shafa a kowace gaɓa,
sa'an nan ka yi shiru, ka zuba ido.

Ɗaya. Babu.
Biyu. Babu.
Ta uku, bayan kujera, inda hannu ba ya son zuwa...
ka gani?
Ƙwayar kumfa, kamar idon kifi,
ta kumbura, ta fashe, wata ta biyo ta.

Rufe. Sauke iskar layin kafin ka kwance.
Zoben ne ya tsufa, duba, ya bushe kamar ɓawon lemo.
Sabo yana cikin leda, kar ka buɗe sai za ka sa.

Minti ashirin, Nelida.
Na sani. Na san tana jira.

Yanzu sa takunkumin a fuskarka, Wilmer, ja numfashi.
Babu wari? Babu ɗanɗano?
Ƙwallon awo ya tashi?
To kawo littafin.
Rubuta kwanan wata da kyau, ni zan sa hannu,
amma ba ni biro tukuna,
bari in sake shafa ta ukun nan.